Shak na madara: Kifin da ke haihuwa kamar akuya, ake kama shi kamar shawa

Yawancinmu da muka tashi nesa da teku a fim muka san kifin shak. Tun da Steven Spielberg ya fitar da fim ɗinsa Jaws a 1975, hoton da ya zauna a zukatan mutane shi ne na wani dodo mai baki kamar ƙofar zaure, wanda ba shi da aiki sai farautar masu wanka. Amma shak ɗin da masunta suka fi fitarwa daga ruwa a gaɓar Afirka ta Yamma bai kai tsawon yaro ɗan shekara shida ba. Siriri ne, bayansa ruwan toka, cikinsa fari, hancinsa dogo mai tsini, idanunsa dara-dara. Ba ya cin mutum. Mutum ne ke cin sa, kuma ya ci shi har ta kai a shekarar 2020 Ƙungiyar Kare Halittu ta Duniya, IUCN, ta cire shi daga jerin halittun da babu fargaba a kansu, ta mayar da shi cikin waɗanda ke fuskantar barazanar ƙarewa.

Masana kimiyya suna kiran sa Rhizoprionodon acutus. Wani Bajamushe masanin halittu, Eduard Rüppell, shi ya fara bayyana shi a rubuce a 1837, daga kifin da aka kamo a Bahar Maliya kusa da Jidda. Wato duk alhajin da ya taɓa tsayawa a bakin ruwan Jidda ya tsaya a bakin gidansa. Sunan da aka fi sanin sa da shi a duniya kuwa, wanda fassararsa ita ce shak na madara, daga Indiya ya samo asali. A can, musamman a yankin Tamil Nadu, an yi imani cewa namansa yana kawo wa mai jego ruwan nono, don haka ake dafa mata shi kamar yadda ake dama wa tamu kunun kanwa. Kifin kansa ba ya shayarwa, ba shi da nono ko ɗigo.

Yankin da yake rayuwa yana da faɗi ƙwarai. A Tekun Atilantika ana samun sa daga Muritaniya har Angola, wanda ya haɗa da gaɓar Najeriya mai tsawon kusan kilomita 853. Yana nan a gabashin Afirka, da Bahar Maliya, da Tekun Fasha, da Indiya, har zuwa kudancin Japan da arewacin Ostireliya. Ko'ina kuma a gefe yake zama, daga inda igiyar ruwa ke fashewa a kan rairayi zuwa zurfin kimanin mita 200, wani lokaci ma yana kutsawa bakin koguna inda ruwan daɗi ke haɗuwa da na gishiri. Inda ya zaɓa ya zauna nan ne kwalekwale ya fi yawa, nan ne kuma raga ta fi yawa.

Jiki ba ƙashi, ciki na shekara guda

Kamar sauran danginsa, shak na madara ba shi da ƙashi ko ɗaya. Gangar jikinsa gaba ɗaya guringuntsi ce, irin na kunnen mutum. Fatarsa ba ta da ɓawo irin na karfasa. Wasu ƙananan haƙora ne da ido ba ya iya rarrabewa suka lulluɓe ta, shi ya sa idan aka shafa ta daga kai zuwa wutsiya ake jin santsi, idan aka juyo kuma a ji kaushi. Ba shi da jakar iskar nan da ke hana sauran kifaye nutsewa, sai dai wata babbar hanta mai cike da mai wadda ke rage masa nauyi a cikin ruwa. A kan hancinsa akwai ƙananan ƙofofi masu cike da wani abu mai yauƙi, waɗanda wani Ba'italiye, Stefano Lorenzini, ya yi bayaninsu tun 1678. Sai a ƙarni na ashirin aka gano amfaninsu: da su shak ke jin ɗan lantarkin da jikin kowane mai rai ke fitarwa, har ya iya gano kifin da ya binne kansa a cikin yashi. A ruwa mai dauɗa irin na bakin Neja Delta, inda gani ba ya zuwa ko'ina, wannan ita ce fitilarsa.

Abincinsa ƙananan kifaye ne, sai jatan lande da ƙaguwa da dabbobin ruwa masu taushin jiki. Shi ma abincin wasu ne, domin manyan shak suna cin sa. Matsayinsa ke nan a tsakiyar sarƙar ci-ni-in-ci-ka ta bakin teku.

Akwai wani abu da duk mai sayar da shi ya sani ko da bai san dalili ba. Jinin shak yana riƙe sinadarin da ke cikin fitsari domin ya daidaita gishirin jikinsa da na teku. Da zarar ya mutu, sinadarin sai ya fara rikiɗa, naman ya soma zarni. Saboda haka a wuraren da babu ƙanƙara ba a ɓata lokaci: a yanka, a zuba gishiri a shanya, ko a ɗora a kan wuta a yi banda. Idan ya zama gunduwa-gunduwa a cikin kwando, babu kai babu fata, ko masanin kifi sai ya yi da gaske kafin ya faɗi ko wane iri ne.

Inda labarinsa ya fi ban mamaki, kuma inda matsalarsa take, shi ne wajen haihuwa. Shak na madara ba ya zuba ƙwai a ruwa. Namiji yana barbarar mace, ƙwan ya ƙyanƙyashe a cikinta. Da farko ɗan tayin yana rayuwa ne a kan gwaiduwar ƙwansa. Idan ta ƙare, jakar gwaiduwar sai ta manne da bangon mahaifa ta zama mabiyiya, abinci ya riƙa zuwa masa daga jinin uwa ta igiyar cibiya. Mahaifar ma rabe take ɗaki-ɗaki, kowane ɗa da nasa. Cikin yana ɗaukar kusan shekara guda, sannan ta haifi 'ya'ya tsakanin ɗaya zuwa takwas, kowanne tsawonsa wajen kamu ɗaya da rabi, da idanunsa a buɗe, da haƙoransa, da tabon cibiya a ƙirji. Daga ranar kuma kowa tasa ta fisshe shi, domin uwa ba ta raino.

A kwatanta wannan da tarwada, wadda mace ɗaya ke zuba ƙwai dubun dubata a lokaci guda, ko shawa wadda ita ma lissafin ƙwanta da dubbai ake yi. Irin waɗannan kifaye idan an yi musu mummunan kamu, damina biyu ko uku masu kyau suna iya mayar da su yadda suke. Shak ba ya da wannan gatan. Yawan 'ya'yan da za a samu baɗi ya dogara kai tsaye a kan yawan iyaye matan da aka bari bana, kamar dai garken awaki. Makiyayin da ya kai akuya mai ciki mahauta ya san abin da ya yi wa garkensa. Masuncin da ya jawo raga da shak mai ciki a ciki bai ma gan ta ba sai da ta riga ta mutu.

A cikin dangin shak dai na madara yana cikin masu saurin hayayyafa. Yana balaga cikin shekara biyu zuwa uku, mace tana haihuwa kowace shekara, yana kuma iya kai shekara takwas a duniya. Akwai wani ƙaramin shak mai ƙaya a baya da ake kamawa a tekunan Turai da Amurka, wanda Ingilishi suka daɗe suna soyawa da dankali. Shi macensa takan haura shekara goma kafin ta balaga, cikinta kuma yana kusan shekara biyu. Idan aka ɗora su a sikeli, na madara ɗan gata ne. Wannan ne ya sa a 2003 IUCN ta ce babu damuwa a kansa. Ana ganin kifin da ke haihuwa duk shekara, wanda kuma ya bazu a rabin duniya, ba zai taɓa ƙarewa ba. Shekara goma sha bakwai bayan nan aka sake lissafi. Rukunin da aka sa shi a ciki yanzu na halittun da aka ƙiyasta sun ragu da aƙalla kashi 30 cikin ɗari a tsawon zuriya uku ne. Idan mai saurin haihuwar ya kasa jurewa, ba sai an tambayi halin da masu jinkirin suke ciki ba.

Wani abin da ya ƙara dagula lissafin shi ne binciken ƙwayoyin gado, wanda ya nuna alamar cewa abin da ake kira da suna ɗaya wataƙila jinsuna ne daban-daban masu kama da juna. Na Afirka ta Yamma ya fi na Indiya girma a fili, domin a nan sai mace ta kai wajen santimita 90 take balaga. Idan ta tabbata na Mashigin Tekun Gini jinsi ne mai zaman kansa, to yawansa a Ostireliya ba zai amfane mu da komai ba ranar da namu ya ƙare.

Yadda kasuwa ta iso

Kamun shak da gayya a Afirka ta Yamma bai daɗe sosai ba. A da, kifi ne da ke faɗowa raga a ci a gida. A shekarun 1970 masunta da fataken Ghana suka kafa sansani a Gambiya, suna sayen naman shak suna sa gishiri suna busarwa, suna aikawa gida inda ake son sa a miya. Har yau akwai unguwar da ake kira Ghana Town kusa da Brufut. Daga baya, a shekarun 1980 da 1990, sai fataken fukafukin shak suka shigo, masu kai kaya Hong Kong, inda ake yin wata miya mai tsada da shi a bukukuwa. Su ne suka riƙa bai wa masunta bashin inji da mai da raga, a biya su da fukafukai. Farin da ya addabi yankin Sahel a wancan zamani ya kuma kora mutane da yawa daga gona zuwa bakin teku, musamman a Senegal da Muritaniya. Kwalekwale ya ƙaru, tafiya ta ƙara nisa, har masuntan Senegal suka riƙa zuwa Gini Bisau da Gini da Saliyo neman abin da ya ƙare a ruwansu.

Manyan ne suka fara ɓacewa. Duk wanda ya taɓa riƙe takardar kuɗin sefa ta Afirka ta Yamma ya ga alamar babban bankin yankin a jikinta: siffar wani kifi mai dogon hanci kamar zarto, wadda aka ɗauko daga ma'aunin zinariya na mutanen Akan. Wannan kifin, ɗan uwan shak ne na kusa, a da ana samun sa a bakin kogunan yankin gaba ɗaya. Yau masunta matasa da yawa ba su taɓa ganin sa ba sai a kan kuɗi. Da manyan suka yi ƙaranci, nauyin kasuwa ya sauko kan ƙanana. A Senegal da Muritaniya shak na madara ya zama ɗaya daga cikin waɗanda aka fi saukewa a bakin ruwa. Wani bincike da aka buga a 2020 a kan ƙananan fukafukai masu arha a kasuwannin Hong Kong ya tarar shi ma yana cikin waɗanda suka fi yawa a buhunan.

Alƙaluman duniya ma haka suka nuna. Binciken da Boris Worm na Jami'ar Dalhousie ta Kanada ya jagoranta, wanda mujallar Science ta buga a 2024, ya ƙiyasta cewa shak ɗin da kamun kifi ke kashewa a shekara ya tashi daga miliyan 76 a 2012 zuwa miliyan 80 a 2019. A daidai wannan lokaci ƙasashe da dama suka kafa dokar hana yanke fukafuki a jefar da gangar jiki a teku. Kisan ya ragu a tsakiyar teku inda manyan jirage ke aiki ana sa musu ido, amma ya ƙaru a gefe. Masu binciken sun lura cewa tilasta sauke kifin gaba ɗayansa ta yiwu ta ƙara buɗe kasuwar namansa. Doka ce da aka yi da kyakkyawar niyya, ta magance rashin imani, ba ta rage yawan gawa ba.

A ganina, nan ne masu fafutukar kare shak daga ƙasashen Turai suke yawan kuskure idan sun zo Afirka. Suna zuwa da labarin miyar attajiran Hong Kong, alhali matar da ke banda a wani ƙauyen Ilaje ko Ibeno ba ta san da wata miya ba. Nama mai arha take sayarwa ga mutanen da ba su da kuɗin naman sa. A ƙasar da gwamnati da kanta ke cewa buƙatar kifi ta kai tan miliyan 3.6 a shekara, abin da ake samarwa a gida kuma bai kai hakan ba ko kusa, duk wanda ya ce wa masunci ya mayar da kifi ruwa dole ya zo da amsar abin da za a ci da dare.

Abin da aka gwada

Muritaniya tana da gandun Banc d'Arguin, wanda aka kafa a 1976, UNESCO kuma ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya a 1989. Ruwa ne marar zurfi mai ciyawa, inda shak iri-iri ke zuwa haihuwa. Mutanen Imraguen kaɗai aka yarda su yi su a ciki, su ma da jiragen filafilai, ba inji. Lokacin da fataken fukafuki suka iso, Imraguen suka bar kifin da kakanninsu ke kamawa suka koma shak. Bayan doguwar tattaunawa da hukumar gandun, aka yi yarjejeniyar daina kamun shak da gayya a 2003, aka karɓi ragar da ake kama shi da ita aka biya diyya. An yaba abin a duniya. Sai dai ragar da aka kafa wa wani kifi ba ta tambayar sunan wanda ya shigo, fataken kuma ba su tafi ba, don haka har yau ana sauke shak a gandun, na madara a sahun gaba.

A arewacin Ostireliya, tun shekarar 2000 aka wajabta wa jiragen kamun jatan lande sa wani ƙarfe mai kama da tagar kurkuku a cikin ragarsu, domin kunkurun teku da manyan kifaye su samu ƙofar fita. Manyan shak sun amfana sosai. Ƙanana irin na madara kuwa siraransu ya cuce su, suna ratsa tsakanin sandunan su faɗa jakar ragar tare da jatan landen. Jiragen jatan lande na Najeriya ma doka ta wajabta musu irin wannan ƙarfe, kuma babu dalilin tsammanin sakamakon zai bambanta.

Abin da masana suka fi amincewa da shi ga kifi irin wannan ba shi da ƙyalli: a san wuraren da mata ke haihuwa da watannin da suke yi, a ɗaga raga daga nan na ɗan lokaci, a kuma hana manyan jirage shiga ruwan gefe. A yammacin Afirka, haihuwar takan faɗo ne tsakanin Afrilu da Yuli. Da yake shak na madara yana balaga da wuri, hutun 'yan watanni a inda ya dace yana iya haifar da sakamakon da masunci zai gani da idonsa cikin shekara uku ko huɗu, abin da ba zai yiwu ba ga manyan danginsa.

Rabon Abuja a cikin maganar

A watan Nuwamba na 2022, ƙasashen da suka sa hannu a yarjejeniyar CITES mai kula da cinikin halittun da ke cikin haɗari suka taru a Panama, suka sa dangin shak guda sukutum, jinsi 54, a Rataye na Biyu. Goma sha tara daga ciki saboda halin da suke ciki ne, sauran kuma saboda jami'in kwastan ba zai iya bambanta busasshen fukafukinsu da na waɗancan ba. Shak na madara yana cikin dangin. Matakin ya fara aiki a ranar 25 ga Nuwamba, 2023. Ma'anarsa ita ce ba a hana cinikin ba, amma duk wanda zai fitar da fukafuki ko nama zuwa wata ƙasa sai da takardar izini, kuma ba a ba da takardar sai hukumar kimiyya ta ƙasar ta tabbatar cewa fitar da kayan ba zai cutar da jinsin ba.

Najeriya tana cikin ƙasashen farko da suka amince da CITES tun 1974, ta kuma taɓa ɗanɗana hukuncinta, domin an dakatar da ita daga cinikin a 2005 saboda raunin aiwatarwa, ba a ɗage ba sai 2011. Izinin CITES a Ma'aikatar Muhalli yake, NESREA ce ke bin sawu, kwastan ke tsaron tasha. Sashen kamun kifi kuwa ya bar Ma'aikatar Noma ya koma Ma'aikatar Harkokin Teku da Tattalin Arzikin Ruwa, wadda aka ƙirƙira a Agustan 2023. Cibiyar binciken teku ta ƙasa, NIOMR, tana Legas tun 1975. Duk wanda ya taɓa bin fayil daga wannan hawa zuwa wancan a Sakatariyar Tarayya ya san abin da ake nufi idan an ce magana ɗaya tana da iyaye huɗu.

Dokar kamun kifi a teku da muke aiki da ita ta 1992 ce, daga zamanin mulkin soja. Ƙa'idojinta sun keɓe mil biyar na farko daga gaɓa ga masu kwalekwale, manyan jirage masu jan raga ba su da izinin shiga. Wannan zirin shi ne ɗakin haihuwar shak na madara, kuma masuntan gargajiya sun daɗe suna kukan cewa jiragen suna kutsowa, suna yayyaga musu raga. A wannan gaɓar, buƙatar kifin da buƙatar talakan masunci ɗaya ce.

Sai dai CITES ba ta da ta cewa a kan abin da aka kama aka ci a cikin gida, wanda shi ne mafi yawa. Babbar matsalar kuma ta lissafi ce. A ƙasashen yankin nan da dama, rahoton kamun kifi yakan tara shak da danginsa masu faɗin jiki a layi ɗaya, ba tare da rarrabe jinsi ba. Jami'in da aka kawo wa takardar neman izinin fitar da fukafuki ana so ya rantse cewa cinikin ba zai cutar da wani kifi ba, alhali layin da ke gabansa bai ambaci sunan kifin ba. Ko ya sa hannu a kan abin da ba shi da hujja, ko ya ƙi, kayan su bi ta kan iyaka a cikin buhun busasshen kifi.

Rarrabe shak na madara da 'yan uwansa a bakin ruwa ba ya buƙatar ɗakin gwaji. A kowane gefen bakinsa akwai wata doguwar tsaga a fatar leɓe, wadda ke taimakawa wajen bambanta shi da danginsa na kusa. Ma'aikacin ƙididdiga da aka koya wa duba wannan tsagar, aka ba shi tef ɗin awo da littafi, zai iya rubuta jinsi da tsawo da ko mace ce mai ciki kafin wuƙa ta sauka. Hukumar Abinci da Noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta nemi ƙasashe su tsara irin wannan aiki tun 1999, wasu ƙasashen gaɓar yankin daga Muritaniya zuwa kudu kuma suka amince da shirin haɗin gwiwa a kan shak a 2001. Najeriya tana cikin wani kwamitin na daban mai hedikwata a Tema ta Ghana, tare da Benin da Togo da Ghana da Kwaddibuwa da Laberiya, ƙasashen da kwalekwalensu da fatakensu ke bin gaɓa ɗaya, suna kama kifi ɗaya.